Xeon biyu na gwanjo, EPYC guda ko ƙaramin allo: wace saba ta dace da ofis a Garwa?

Saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima, iri uku ce ke yawan shigowa hannun masu haɗa kwamfuta a Garwa da Marwa, har zuwa Kuseri da Njamena. Akwai tsofaffin sabobin Dell da HP masu furosesa biyu, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka ci moriyarsu suka sayar. Wasu su sauka a Duwala, jirgin ƙasa ya kai su Ngaundere, mota ta ƙarasa da su, wasu kuma ta Yola ko Mubi suke ɓullowa daga Legas. Akwai babban allo mai furosesa guda na AMD EPYC, wanda kai za ka yi odarsa ka ɗaura a akwatin da ka ga dama. Sai ƙananan alluna masu Xeon E ko Ryzen, waɗanda a ido ba su da maraba da na kwamfutar tebur.

Idan Alhaji mai otal ko shugaban makaranta ya zo saye, tambayarsa biyu ce: kor nawa (wato injinan lissafin da ke cikin furosesa), RAM nawa? Mai sayarwa kuma sai ya ɗaga murfi ya nuna gurabun kati da na RAM a jere, ya ce, "Ranka ya daɗe, duba, bakwai ne nan, ashirin da huɗu can." Duk gaskiya ne. Sai dai gurbi rami ne kawai. Abin da ke ba shi amfani shi ne layukan PCIe, wato hanyoyin bayanai, da aka ja daga furosesa zuwa gare shi, kuma yawan layukan nan furosesa ce ke yanke shi, ba allo ba.

Bari mu yi lissafi da buƙata irin ta asibiti mai zaman kansa ko otal mai kyamarori da yawa. Katin sadarwa mai gudun gigabit 10 yakan ci layi 8. Katin da ke riƙe faifan ajiya masu juyawa, irin su LSI 9300-8i, shi ma 8. Kowane faifan NVMe, wato faifan ajiya mai sauri marar juyawa, layi 4 ne, huɗu sun zama 16. In za a ƙara katin hoto don sarrafa bidiyo, wani 16 ke nan. Jimla 48. Xeon E5 na zubin v3 da v4, waɗanda suka fito a 2014 da 2016, layi 40 kowace ke da shi. Xeon Scalable na 2017 da 2019 suna da 48. Ryzen a mazaunin AM4 tana da 24, huɗu daga ciki an riga an ba chipset, guntun allo mai kula da su USB da SATA, saura 20. Xeon E-2300 da E-2400 su ma 20 ne. EPYC kuwa tun zubin farko na 2017 layi 128 take ɗauke da shi, ko da furosesa guda ce. Wannan tazarar ita ce gindin maganar baki ɗaya.

Mu fara da tsohuwar Dell R730, don ita da takwararta HP DL380 Gen9 sun fi yawa a kasuwar gwanjo. A takarda furosesa biyu sun ba ka layi 80, gurbin kati har bakwai, gurbin RAM 24. Amma idan ka ɗaga murfin, ka cire baƙar robar nan da ke bi da iska, ka duba da kyau. Sau da yawa za ka tarar da mazauni ɗaya ne ke da furosesa, ɗayan an rufe shi da marfin roba, gurabun RAM goma sha biyu da ke kewaye da shi fanko. Waɗannan goma sha biyun ba za su yi aiki ba sai an sa furosesa ta biyu. Haka gurabun kati: a R730 huɗu daga cikin bakwai na furosesa ta biyu ne. Ka soka kati a ciki, injin ya tashi lafiya lau, katin kuwa kamar ba a sa shi ba. Yaran shago da yawa sun mayar da kati mai lafiya ga mai shi suna cewa matacce ne saboda wannan. Idan kuma ka ce za ka cike, furosesa kaɗai ba ta isa ba. Sai ka nemo irinta sak, da ƙarfen sanyaya ta na wannan samfurin, kuma ka raba RAM daidai tsakanin ɓangarorin biyu.

Wani abu game da Dell da HP: allonsu nasu ne su kaɗai. Ba ya shiga akwatin kasuwa, ba ya karɓar tukunyar wuta ta kasuwa, katunan ma a kan wasu ƙananan alluna na tsaye suke hawa, kuma mai sayarwa na iya turo maka injin babu ɗaya daga cikinsu. Ranar da allon ya ƙone a Marwa, jira za ka yi har a samo irinsa. Shi ya sa duk wanda ya nace kan wannan hanya nake ce masa ya sayi biyu iri ɗaya, ɗaya ta yi aiki, ɗaya ta zauna a kan kanta don ciro kaya. Da kuɗin biyun a hannu kuwa, lissafin araha ya fara sauyawa.

Ban raina su ba fa. RAM ɗinsu, wato DDR4 mai rajista da ake kira RDIMM, ya cika kasuwar kayan hannu domin cibiyoyin bayanai sun zubar da shi da yawa. Sanda 24 na giga 32 sun ba ka giga 768, abin da ƙaramin allo ba zai taɓa mafarkinsa ba. Gininsu kuma mai ƙwari ne: tukunyar wuta biyu, faifai da ake zarewa injin na aiki, da iDRAC ko iLO da ke ba ka damar kunnawa da kashewa daga nesa. Ka dai tambaya ko lasisin ganin fuskar injin daga nesa yana ciki, domin a Dell sai iDRAC Enterprise, a HP sai iLO Advanced. Ka kuma sani cewa hanyoyin memori huɗu ne kacal ga kowace E5, sanda uku a kan kowace hanya, kuma da ka cike ta ukun gudun RAM ɗin yakan sauka. Cike gurabe 24 ba kyauta ba ne.

Akwai masu bin tsakiya, su sayi allon Supermicro X10SRL-F, mai E5 guda, girman ATX irin na kwamfutar tebur, gurbin RAM 8, mashigar SATA 10 da gurbin kati bakwai. Allo ne mai kirki, yana shiga akwatin kasuwa. Amma shi ne babban misalin abin da nake faɗa: gurabe bakwai a kan layi 40, don haka yawancinsu x8 ne ko x4, wato layi 8 ko 4, ko da ramin ya yi tsawo. Kafin ka sayi kowane allo ka sauke littafinsa ka nemi shafin da aka zana taswirar layuka. A nan za ka ga wane gurbi ne ya tafi furosesa kai tsaye, wanne ya bi ta chipset. Duk abin da ya bi ta chipset, da SATA da USB da wasu gurabe, a kan siririyar hanya guda suke haɗuwa, mai layi huɗu kacal a irin wannan allo. Kamar gadar Binuwai ce a nan Garwa: ko tituna nawa suka nufo ta, kowa sai ya bi layi ya haye ta wuri ɗaya.

Allunan X99 masu arha da ake odarsu daga China, waɗanda ake haɗawa da tsofaffin E5, sun yi wa ɗalibi mai koyo a ɗakinsa. Ba su da hanyar sarrafawa daga nesa, kuma ba zan ɗora bayanan marasa lafiya ko asusun adashin jama'a a kansu ba.

Yanzu EPYC. Allon da aka fi ambata shi ne Supermicro H12SSL-i: girman ATX, gurbin x16 guda biyar, x8 guda biyu, mazaunin M.2 biyu, duka PCIe 4.0. Layi ɗaya na PCIe 3.0 yana ɗaukar kusan gigabait ɗaya a daƙiƙa, na 4.0 ninki biyu. ASRock Rack ROMED8-2T ma yana nan, da x16 guda bakwai da mashigar gigabit 10 biyu a jikinsa. A waɗannan alluna babu zancen "wannan gurbin na furosesa ta biyu ne", domin furosesar guda ce, kuma buƙatar nan tamu ta layi 48 ko rabin abin da take da shi ba ta kai ba. A BIOS, wato shafin saitin allo, kana iya tsaga gurbin x16 gida huɗu, ka sa kati mai arha da ke ɗaukar NVMe huɗu ba tare da wani guntu na musamman ba. A tsofaffin Dell da HP wannan tsagawar ba kowane gurbi ko kowane BIOS ke yarda da ita ba, in kuma babu ita faifai ɗaya kawai za ka gani cikin huɗun.

RAM a nan gurbi 8 ne, amma hanyoyi 8 ne, kowace sanda da hanyarta, a gudun 3200, alhali E5 v4 a 2400 ta tsaya. Takwas na giga 32 sun ba ka 256, takwas na 64 sun ba ka 512. Ka yi ƙoƙari ka cike takwas ɗin, ko aƙalla huɗu a gurabun da littafin ya nuna. Wanda ya sa sanda biyu a EPYC ya biya kuɗin abin da bai mora ba.

Tarkunan wannan hanyar uku ne, kuma na farko ya fi zafi. EPYC da aka taɓa kunnawa a sabar Dell tana kulluwa ga Dell har abada, saboda wani tsarin tsaro na AMD mai suna PSB da ke ƙona alamar kamfanin a cikin furosesar. Idan ka sa ta a Supermicro ko ASRock, fanka za ta juya, fuska ba za ta kawo komai ba, kuma babu mai gyaran da zai kwance ta. Irin waɗannan su ne suka fi araha a kasuwannin intanet, araha kuwa ba ta ado. Sai mai sayarwa ya rubuta maka ƙarara cewa ba kulalliya ba ce, ko ya turo hoton ta tana aiki a allon da ba na Dell ba. Na biyu, dacewar zubi. Tsohon allon H11SSL yana karɓar EPYC 7002 ne kawai idan bugu na 2.0 ne, a gudun PCIe 3.0, kuma ba ya karɓar 7003 sam. H12 yana karɓar 7002 na 2019 da 7003 na 2021, amma na biyun sai da sabon BIOS. Na uku, ɗaurawa. Furosesar faɗin tafin hannu gare ta, tana zuwa a cikin wani firam na roba da ake zura shi a ƙarfen mazaunin, sannan a ɗaure kusoshi uku da sukudireba mai bakin tauraro T20, bisa lambobin da aka buga a jiki: ɗaya, biyu, uku. Idan ɗaurin bai kai ba ko ya karkace, injin zai tashi amma sandar RAM ɗaya ko biyu su ɓace. Kafin ka zargi RAM, kwance ka sake ɗaurawa.

A cikin dangin 7002, wadda ta fi dacewa da mu ita ce irin 7302P: kor 16, wat 155. Harafin P na nufin ta mazauni guda ce, kuma ta fi 'yar'uwarta marar P sauƙin kuɗi. 7282 ma kor 16 ce a wat 120, sai dai an rage mata faɗin hanyar memori zuwa kwatankwacin hanyoyi huɗu. Ga mai ajiyar fayil wannan ba matsala ba ce, ga mai babbar taskar bayanai kuwa zai ji a jikinsa.

Sai batun abin da furosesa ta iya, wanda shi ne ke yanke shekarun da saba za ta yi tana amfani. Manhajoji sun fara juya wa tsofaffin furosesa baya. MongoDB tun zubi na 5.0 ba ta tashi sai da AVX, wani rukunin umarnin lissafi da ke cikin furosesa. Red Hat Enterprise Linux 10, da ta fito a 2025, tana neman matakin x86-64-v3, wanda ke buƙatar AVX2. AVX2 kuwa daga E5 v3 ta fara. Ma'ana Dell R720 da HP Gen8, masu E5 na farko da v2 da RAM DDR3, sun riga sun faɗa bayan layin. Ko kyauta aka ba ka, ka yi tunanin kuɗin wutar da za su sha kafin ka yi godiya. E5 v3 da v4, da duk EPYC, da Ryzen, duk suna da AVX2 da AES-NI mai saurin ɓoye bayanai, wanda VPN tsakanin reshen Garwa da na Ngaundere ke dogara da shi.

AVX-512 ita ce inda Intel ta riga. Xeon Scalable a R740 da DL380 Gen10 suna da ita tun 2017, AMD kuwa sai a EPYC 9004 na 2022. Idan manhajarka ta lissafin kimiyya ce, irin ta ɗakin bincike a jami'ar Ngaundere ko ta Marwa, kuma ta ambaci AVX-512 da suna, R740 ta cancanci dubawa. Amma a kula da sunan furosesar. Xeon Bronze ba ta da turbo, ba ta da zare biyu a kowane kor, kuma mai sayarwa zai ce maka "Gen10 ce" ya yi shiru. Nemi Silver aƙalla, Gold 6100 ko 6200 in da hali. Ga rajistar ɗalibai, lissafin kuɗi da kyamarori, AVX-512 ba za ta ƙara maka komai ba.

Yawancinmu yanzu Proxmox, manhajar raba saba guda gida-gida, muke ɗorawa, musamman tun da Broadcom ta sayi VMware a ƙarshen 2023 aka sauya tsarin lasisi. Raba saba guda ta zama kwamfutoci da yawa kowace furosesa a nan ta iya. Inda bambanci yake shi ne lokacin da kake son miƙa kati sukutum ga ɗaya daga cikinsu, misali katin faifai ga TrueNAS, manhajar ajiyar fayil. Wannan yana buƙatar VT-d a Intel ko AMD-Vi a AMD, kuma a kunna shi a BIOS. A E5 da EPYC kusan kowane gurbi yana zaman kansa. A allunan Ryzen, abubuwan da ke bayan chipset sukan haɗu a rukuni guda, ka miƙa ɗaya sauran su bi shi, har da katin sadarwar da kake shiga injin da shi. Katin faifan ma a duba: ZFS, tsarin ajiyar da TrueNAS ke amfani da shi, tana son ganin faifai tsirara, don haka katin HBA330 ta fi mata PERC H730 da ke zuwa a yawancin R730.

Mai niyyar sayen Windows Server ta halal ya riƙe wannan: lasisin bisa kor ake biya, mafi ƙaranci 16 ga saba guda. E5-2680 v4 biyu kor 28 ne, sai ka ƙara kuɗin 12. EPYC mai 16 ta zauna daidai a kan iyaka.

To, ina ƙaramin allo ya tsaya? A ganina shi ne amsar ofisoshi da yawa da ke zuwa neman "babbar saba". Allo irin ASRock Rack X570D4U yana da sarrafawa daga nesa, gurbin RAM huɗu har giga 128, da ECC mai gyara kuskuren memori. Xeon E-2300 tana tsayawa a kor 8 da giga 128. EPYC 4004 na 2024, wadda a mazaunin AM5 take zama, tana kai kor 16 da layi 28 na PCIe 5.0, kuma kada sunan ya ruɗe ka, ba ta da layi 128 na manyan. Kor ɗaya na waɗannan ya fi kor ɗaya na E5 sauri nesa ba kusa ba, kuma manhajar kantin magani ko ta akanta saurin kor guda ta fi ji. Iyakarsu dai a fili take: NVMe ɗaya ko biyu, kati biyu na x8, shi ke nan. RAM ɗinsu kuma UDIMM ne, wato marar rajista, mai ECC, wanda bai yawaita a gwanjo ba, kuma RDIMM na tsofaffin sabobi ba ya aiki a cikinsu ko da ya shiga ramin. Ryzen 5600G da ire-irenta marasa PRO ba su goyon bayan ECC, a kiyaye.

Dalilin da ya sa nake karkata gare su shi ne wuta da zafi. Wutar arewacin Kamaru a kan madatsar Lagdo ta daɗe tana dogara, kuma kowa ya san yadda ake yi idan ruwa ya ja baya a rani. Saba kuwa dare da rana take aiki. Bambancin wat 100 tsakanin inji biyu ya zama kilowat-awa 2.4 a yini, 876 a shekara. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 abin da yake ɗauka ke nan, 2.4, kuma in na dalma ne rabinsa kawai ya kamata a sha. Wato kowane dare na awa 12, wat 100 na ƙari yana cinye maka batiri guda cur. Sabar Xeon biyu ko tana zaune ba ta aikin komai takan haura wat 100, EPYC takan yi ƙasa da haka kaɗan, ƙaramin allo kuwa sau da yawa bai kai rabi ba. Kada ka yarda da bakin kowa a nan, har da nawa: ka sa ma'aunin wat a soket ka gani. Inbata kuma ta zama mai tsaftatacciyar igiyar wuta, wadda ake kira pure sine wave, domin tukunyar wutar saba ba ta shiri da mai arhar nan.

Duk wat da ya shiga zafi yake zama. Dell ta rubuta digiri 10 zuwa 35 a matsayin yanayin aikin waɗannan injina, mu kuwa a Maris da Afrilu muna haura 40. A ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, fankoki shida na R730 za su yi ta kuwwa har a ji daga baranda, in ka sa katin da ba na Dell ba ma su ƙara. Da hunturu kuma ka buɗe ta ka ga ƙura ta yi kamar auduga a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya. Allon ATX, na EPYC ne ko ƙarami, kana iya sa shi a dogon akwati mai manyan fankoki na milimita 120 da rariyar ƙura da ake wankewa. Katin gigabit 10 da katin faifai dai an yi su ne don iskar saba mai ƙarfi, saboda haka a irin wannan akwati sai ka ɗaura musu ƙaramar fanka ta kansu.

Idan ofishinka mutum ashirin ne ko talatin, da manhajar kuɗi, fayiloli da 'yan kyamarori, ɗauki ƙaramin allo mai ECC, ragowar kuɗin ka sa a batiri da faifan ajiya na biyu da zai kwana a wani gini. Idan ka zauna da biro ka ƙirga katunan da za ka sa cikin shekara uku suka haura layi 20, ko RAM ya wuce giga 128, tsallaka kai tsaye zuwa H12SSL da EPYC 7002 mai P. R730 ko DL380 Gen9 ta wanda ke da ɗaki mai sanyi da janareta ce, yana buƙatar RAM mai yawa yau, kuma kuɗinsa bai kai na EPYC ba. Shi ma ya nemi mai v4, furosesa biyu a ciki, kuma in wuta ce damuwarsa ya tambayi E5-2650L v4 mai kor 14 a wat 65 maimakon 2680 v4 mai wat 120. Kafin ka tura ko sefa ɗaya zuwa Duwala ko Legas, sa mai kayan ya kunna injin ya turo maka hoton shafin BIOS mai nuna sunan furosesa, lambar zubin BIOS da jimlar RAM, da wani hoton na cikin injin murfi a buɗe.